Ƙarfen Tokare a Gindin Tukunya

Saura kwana goma sha biyu bikin Blessing, mahaifinta Titus ya tsaya a tsakar gidansa da ke unguwar Magajiya a Suleja, ya riƙe ƙugu, ya ɗaga kai ya dubi benen da ya gina tun shekara shida ba a taɓa nuna masa fenti ba. Ya ce surukai 'yan Abuja ba za su zo su tarar da bango haka tsirara ba. Ran nan aka kawo fenti. Amma katakon da masu fenti ke kafawa su hau, ya ce ba a gidansa ba: mutumin da Allah ya ba tarakta mai bokiti a gaba, me zai yi da katako? Mai fenti ma bai nema ba, tunda akwai Yaya Zakariya.

Zakariya wan Titus ne, ciki ɗaya. Shekararsa hamsin da takwas, yana zaune a ɗakin baya, jikin kejin kaji, tun da gonar da yake yi wa tuƙi ta watse. Titus mutum ne mai ladabi, wannan kam a ba shi. Bai taɓa kiran sunan wansa gatsal ba. Yaya da safe, Yaya da rana, har da ɗan rusunawa in akwai baƙi. Sai dai duk ranar da ka ji Yayan nan ya yi zaƙi fiye da kima, to akwai kwata da za a yashe, ko buhunan masara da za a sauke daga gonar Garam.

Zakariya bai ƙi aikin ba. Abin da ya tsaya masa a rai taraktar ce. Shekara ashirin ya yi yana tuƙa irinta, kuma wannan ta ƙanensa ya san ciwonta sarai. Hannuwan da ke ɗaga bokitin, silinda biyu ne ke tura su, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma ba komai ke riƙe da su ba sai mai. Robar da ke tare man a ciki ta cinye, saboda haka in ka ɗaga bokitin ka bar shi, a hankali yake sulalowa ƙasa shi kaɗai. Tiyon da ke kai man kuwa duk ya tsattsage don tsufa. Ɗiban yashi da taki, ba laifi. Amma ɗan Adam a ciki, sama da kan katanga? Ya san in tiyon nan ya fashe, bokitin zai zo ƙasa kafin mutum ya kira sunan Yesu, kuma bayan wanda ke ciki ne zai karɓa.

Don haka ya yi abin da aka koya masa. Ya ɗaga bokitin ba kowa a ciki, ya auna tsawon sandar silindar da ta fito, mai sheƙin nan. Ya ciro ƙarfe mai kusurwa daga tsohuwar ƙafar tankin ruwa, ya kai wa Akinola mai walda a bakin layi, ya yanka masa biyu daidai awon. Ya dawo ya kifa kowanne a kan sandarsa, ya ɗaure da waya, sannan ya sauke hannuwan a hankali har nauyin ya bar kan mai ya zauna a kan ƙarfe. Ya ɗaure bokitin da sarƙa don kada ya kife, ya ja birkin hannu, ya sa duwatsu a gindin tayoyi, ya kashe inji, ya zare makulli ya jefa a aljihu. Sai ya jingina tsani ya hau. Ranar farko ya yi fentinsa har yana 'yar waƙar sujada, bokitin ko motsi bai yi ba.

Illar abin guda ce. In ya gama inda hannunsa ya kai, sai ya sauko ya kwance komai, ya matsar da tarakta taku uku, ya sake ɗaurawa. Titus na zaune a baranda yana kallo, ransa na tafasa. Shi a ganinsa wannan ba aiki ba ne, iyayi ne.

Washegari Zakariya ya fito bai ga ƙarafansa inda ya ajiye su ba. Ya duba gindin tarakta, ya duba bayan keji, sai hayaƙi ya ja shi bayan gida. Can ya tarar da Debora, matar Titus, da matan zumunta na cocinsu sun haƙa dogon rami sun hura wuta, sun gicciya ƙarafan nan biyu a kai, sun jera manyan tukwane ana suyar cincin ɗin biki. Ƙarafan har sun yi baƙi, tsakiyarsu ta soma lanƙwasa.

Debora ta gaishe shi da fara'a, ta miƙo masa cincin mai zafi a faranti. Da ya yi maganar ƙarfe sai ta zaro ido. Ta ce ita fa a yashe ta gan su, kuma abin mamaki sun yi wa ramin daidai kamar an auna, ita kam ta ɗauka Ubangiji ne ya tanada. Ya ce mata ransa ne ke tsayawa a kansu. Ta yi dariya ta juya wajen matan, ta ce su ji Yaya da tsoro, namiji guda. Matan suka taya ta, ba don mugunta ba, don dai ita ce uwar amarya kuma ita ke raba anko.

Ko da ta mayar masa ba su da sauran amfani, don ƙarfen da ya sha wuta ya lanƙwashe ba a ɗora masa rai. Ya samu Titus ya ce a sayo sabo, tunda Akinola ba shi da mai irin kaurin. Titus ya saurare shi tsaf, kai a sunkuye kamar a gaban fasto. Sannan ya ɗago.

"Yaya, wane ƙarfe kuma ina raye? Ni zan zauna a kujera, hannuna a kan libar ɗaga bokiti. Yana sauka in ɗaga ka. Ni ne tokarenka."

Zakariya ya ce liba mai take turawa, in man ya tsere babu abin da za ta riƙe. Titus ya ce ai shi ya sa za a bar injin a kunne. Ga kuma wani alheri: ba sai Yaya ya yi ta wahalar hawa da sauka ba, yana cikin bokitin za a riƙa matsar da shi, aikin kwana goma ya koma na biyar. Ƙarfe kuwa, don hankalin Yaya ya kwanta, gobe in ya je Diko zai taho da shi.

Zakariya ya so ya ce a'a, kalmar ta zo masa har baki. Amma mutumin da ake aiko wa tuwo ɗakin baya ya san nauyin a'a. In ya faɗe ta ba wanda zai kore shi, Titus ba ya kora. Gaisuwa ce kawai za ta yi sanyi, miya ta tsinke, a soma zancen yadda ake bukatar ɗakin don ajiyar kujerun biki. Ya ɗauki robar fenti da burushi mai dogon sanda ya shiga bokitin, aka ɗaga shi. Kunya ta kama shi, tsoro ma ya kama shi, irin wanda rabonsa da ji tun yana yaro.

To shi tokaren nasa yana da wayar hannu biyu. Kafin a yi rabin awa Titus ya shiga gardama da mai kafa rumfa a kan launin yadi, hannu ɗaya na riƙe da waya, ɗayan na nuna wa iska yadda yake son abin. Zakariya na shafa fenti sai ya ga layin da yake bi yana hawa sama yana barinsa. Ya yi kira sau ɗaya, sau biyu, ƙarar inji ta cinye. A na uku Titus ya farga, ya fizgi liba da iya ƙarfinsa. Bokitin ya yi tsalle, Zakariya ya zube a kan gwiwarsa ta dama, fenti ya wanke masa ƙirji.

Titus ya ce sannu har sau biyar. Daga nan ya ba da shawara Yaya ya riƙa buɗe ƙafafu in zai tsaya, don tsayuwar tasa ce ba daidai ba. Debora ta leƙo ta ga fenti a ƙasa, ta dafe kai, ta tambaya ko zai fita daga jikin simintin.

Titus ya je Diko ya dawo da lemo kiret-kiret. Ƙarfe ya sha'afa, amma gobe. Gwiwar ta kumbura ta yi kamar gwanda, Zakariya ya ɗaure ta da tsumma ya hau. Rana ta huɗu ana matsar da tarakta yana ciki, tayar gaba ta faɗa bakin kwata, bokitin ya yi girgiza, bakin Zakariya ya bugi gefensa. Haƙori ɗaya ya fita, wani ya rage rabi. Titus ya duba haƙorin a tafin hannun wansa da tausayi ƙwarai, ya ce dama a shekarun Yaya haƙora sun fara sallama, marigayi Baba ma haka ya yi. Ran nan Debora ta dama masa kunu na musamman, ta kuma faɗa wa duk wadda ta shigo gidan cewa ita ta dama da hannunta.

Akinola ya zo gyaran ƙofar gida ya ga abin da ake yi. Ya ajiye kayansa ya zagaya taraktar, ya taɓa tiyon da ɗan yatsa, ya ce da Hausarsa ta Bayarabe wannan abu ba kyau, wannan tiyo zai kashe mutum. Titus ya ce ya ji, ya gode, amma su a gidan nan da addu'a suke fara kowane aiki. Kuma gaskiyarsa ne. Kullum da safe sai an kama hannu an kewaye tarakta, Titus ya yi addu'a doguwa mai daɗin ji, ya tsawata wa haɗari ya kore shi daga gabas da yamma. Kowa ya rufe ido ya ce amin. Zakariya ma yana cewa amin, amma idonsa biyu, yana kallon tiyo.

Rana ta shida mai ya soma ɗiga. Titus ya yanko tsohon tiyub na mashin ya naɗe wurin tam, ya koma baya yana sha'awar aikinsa. A nan Zakariya ya yi magana ta ƙarshe, a gaban Debora, ba tare da kwana-kwana ba.

"Titus, tiyon nan ba zai kai Asabar ɗin biki ba. Ka bar ni in ƙarasa da tsani, ko da zan daɗe."

"Haba Yaya. So kake mutane su ce na bar wana a kan tsani kamar ɗan ƙwadago, ga mota a gida?"

Debora ta ce ita abin da ke ba ta mamaki, duk cikin hidimar nan kowa zancen Blessing yake yi, Yaya kaɗai ke zancen kansa.

Saura kwana huɗu biki suka iso gaban gidan, can saman ƙarƙashin kwano, aka ɗaga bokitin iya tsawonsa. A yi wa Titus adalci, ranar wayoyinsa duka na aljihu, hannunsa na kan liba, idonsa na sama. Tiyon ya fashe, fau. Mai ya yi feshi har jikin sabon fenti. Titus ya ja liba, ya sake ja, ya ja kamar zai tsige ta, liba ta bi hannunsa sakayau ba ta riƙe komai ba. Sai ƙasa ta daki bokitin, gefen bokitin ya daki bayan Zakariya daidai ƙugu.

Ya tsinci kansa kwance yana kallon sama. Zafi bai zo da wuri ba. Ya hango ƙafafunsa cikin takalman roba, ɗaya ta karkace, ya ce musu su motsa, ba su ji ba.

Mata suka yo waje da ludaya a hannu. Akinola ya rugo daga shago yana cewa kada a ɗaga shi, a ciro ƙyaure a shimfiɗe shi a kai. Wa zai saurari mai mugun baki? Mutum huɗu suka cicciɓe shi hannu da ƙafa, suka naɗe shi a bayan Keke mai ƙafa uku, aka yi asibiti da shi ana faɗawa ramuka.

Likita ya duba hoton ƙashi, ya tambaya wa ya lanƙwasa mutumin nan haka. Ya ce ƙashin baya ya karye, a wuce da shi babban asibiti yau ɗin nan, ba gobe ba. Titus ya ce babu shakka, ranar Litinin da sassafe, da zarar an sallami baƙi. Yanzu gida cike yake da mutane, shi kuma ba zai raba kansa biyu ba, kuma Yaya da kansa ba zai so a ɓata bikin 'yarsa ba. Bai tambayi Yayan ba. Ya sa hannu a takarda aka dawo da shi ɗakin baya.

Daga nan bayani ya yi yawa a gidan, kowa da nasa. Titus yana tare duk wanda ya shigo jaje ya ce hannunsa na kan liba, akwai shaidu. Debora ta ce wannan aikin magabta ne daga ƙauye, Blessing suka nufa, Ubangiji ya karkatar da kibiyar ta sauka a kan Yaya, don haka in an duba da kyau abin godiya ne. Wata ta ce bakin Bayaraben nan ne ya kama. Matan zumunta suka zo suka yi waƙa biyu daga bakin ƙofa, don ɗakin ya soma wari. Ba wanda ya ambaci ƙarfe, alhali ga shi can bayan gida ana suyar naman biki a kansa.

Zakariya na kwance a gefen hagu, yadda aka ajiye shi. Daga ƙugu zuwa ƙasa kamar na wani ne. Ba ya sanin ya yi fitsari sai ya ji wari, sai kuma wata dattijuwa cikin matan ta tuna da shi ta zo ta canja zani tana kau da kai. Kafaɗarsa da haƙarƙarinsa, inda yake da sauran ji, suna ci masa kamar wuta. Ya yi kuka, ba na zafi ba. Takaici ne, don ya san abin tun ranar farko, ya faɗa da bakinsa, ya kuma shiga bokitin da ƙafafunsa.

Sai dai akwai abin da ke damun Titus ƙwarai. Bangon bai ƙare ba. Wurin da ya rage kuwa daidai saman inda za a ajiye kujerar ango da amarya ne, duk hoton da za a ɗauka sai ya fito. Ya aika neman masu fenti, ashe labari ya riga shi zaga Suleja. Duk wanda aka ce masa gidan mai tarakta ne sai ya tuna yana da wani aiki.

Ranar Alhamis da hantsi ƙofar ɗakin baya ta buɗe. Titus ne, cikin tsohon wando da rigar da ba ya fita da ita. Ya tsuguna a bakin katifa, ya tambayi jiki, ya ce ga alama ana samun sauƙi.

"Yaya, na sa an canja tiyon, sabo fil. To amma ka san inji ba shi da amana. Ɗan abin da ya rage ni zan hau in ƙarasa. Wannan ƙarfen naka, yaya ake yin sa?"

Zakariya ya dube shi. Fuskar ƙanensa babu ko ɗigon kunya, tsoro ne zalla, irin wanda shi ya kwana bakwai yana haɗiya. Ashe ya gane. Ashe tun farko ya gane, bayan da ke cikin bokitin ne kawai ba nasa ba. Wani abu ya zo wa Zakariya a zuciya, ya ce masa ya faɗi siririn ƙarfe, ko ya ce wayar ɗauri kaɗai ta isa. Ya riƙe tunanin nan na ɗan lokaci, kuma ya ji daɗinsa, ba zai yi ƙarya ba. Sannan ya sake shi.

Ya faɗa masa komai. Yadda za a ɗaga bokitin ba kowa a ciki a auna sanda, irin kaurin da za a nema, yadda za a sauke nauyin a kan ƙarfe a hankali, sarƙa, birki, duwatsu. Maganar na fita da ƙyar ta gurbin haƙorin. Titus na gyaɗa kai yana maimaitawa, ɗalibi na gari. Ya tambaya ko biyu sun isa ko a ƙara wasu biyu a kan silindar da ke juya bokitin. Zakariya ya ce in an ƙara ya fi.

"Injin fa, in bar shi a kunne?"

"Ka kashe. Ka zare makulli ka hau da shi. Kada ka bar kowa a kujerar nan."

Titus ya ce Allah ya saka da alheri, ya miƙe yana kakkaɓe wando. Zakariya ya ce kafin ya fita ya taimaka ya juya shi ɗaya gefen, tun jiya yake a haka. Titus ya dubi katifar, ya dubi agogo. Ya ce Akinola na jiransa a waje da mashin, amma yanzu-yanzu zai turo wani. Ya fita ya ja ƙofar ya rufe da kyau, don dangin ango sun fara isowa.

Kafin rana ta take Zakariya ya ji ƙarar injin yankan ƙarfe a tsakar gida. Ya ƙirga da kunne, yanka huɗu. Ashe a nan Suleja ma ana sayar da shi, ba sai an je Diko ba. Ya ji tarakta ta tashi, ta yi gurnani, ta lafa, aka kashe ta. Can ya jiyo muryar Titus daga sama tana rawa, yana cewa mutum biyu su riƙe masa tsani, su riƙe da kyau, kada kowa ya matsa. Debora na ƙasa tana cewa ya bi a hankali don Allah, shi kaɗai gare su.

Aka gama bangon kafin la'asar, mata suka yi guɗa. Zakariya na nan a gefen hagu, fuskarsa na kallon bango, yana jiran wanda za a turo.